ZAƘIN KWALBA DA HAWAN JINI

(Jawabin da anka karanta gaban taron ƴan Sarkin Yamma, mazauna gida da ƴan biɗa. Mun buga shi nan domin waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)



Iyayenmu dattawa da masu gari, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta. Iyaye mata, ƴan'uwa da abokan arziki, na gida da waɗanda sunka taso daga Maraɗi, Yamai, Agadas, Katsina, Kano, Legas da sauran wuraren biɗa, muna yi muku barka da zuwa.

Maganar da anka ɗora mana mu kawo gabanku ita ce ta hawan jini, wanda munka fi sani da tansiyo, da abin da ya haɗa shi da kayan sha masu zaƙi. Kusan babu unguwar da ba za a nuna gidan da wani dattijo ko wata tsohuwa ke kwance da shanyewar rabin jiki ba. Mutum ya kwana lafiya, da asuba a iske baki ya karkace, hannu da ƙafa ba su motsi. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa ne. Likitoci kuwa sun tabbatar babban abin da ke kawo wanga hali shi ne hawan jinin da ya daɗe jikin mutum ba a sani ba. Dalilan hawan jini suna da yawa, amma akwai ɗaya wanda da kuɗin aljihu ake sayo shi, a kawo shi gida da sunan tsaraba da karramawa. A kanshi za mu tsaya.

MINE NE HAWAN JINI?

Duk wanda ya taɓa aikin lambu bakin gulbi, ko ya ga yadda ake ban ruwa a Jiratawa, ya san inji da tiyo. Inji na turo ruwa, tiyo na kai shi fangali. In tiyo ya tsuke, ko ruwan ya yi mishi yawa, sai inji ya wahala, tiyon kuma wata rana ya fashe inda ya fi rauni. To, zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. In jijiya ta fashe ko ta toshe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar jiki. In zuciya ta gaji, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. In ƙoda ce ta lalace, sai wankin ƙoda a manyan asibitoci irin na Lamorde a Yamai, abin da ke cinye gona da garke.

Ana auna tansiyo da lamba biyu. Likitocinmu su kan ce 12 da 8, ko 14 da 9. A Najeriya, da bisa sabbin na'urori masu batir, za ku ga 120 da 80, ko 140 da 90. Duk abu guda ne, sifiri kawai anka ƙara. In an auna babban mutum ranaku biyu daban-daban, aka iske shi 14 da 9 ko abin da ya fi, to yana da hawan jini.

Mugun halin wanga ciwo shi ne ba ya sallama. Mutum na iya shekara goma da shi yana noma, yana cin kasuwa, ba ciwon kai, ba jiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cikin 2023 cewa masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Nan Nijar, binciken da anka yi cikin ƙasa a 2021 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na manya yana da shi. Watau in dattawa ashirin sun zauna gindin bedi, a ƙalla biyar daga cikinsu abin ya shafa, kuma ya fi haka tsakanin masu shekaru.

SUKARI NAWA KE CIKIN KWALBA?

Iyayenmu da ke zaune nan shaida ne, can da zaƙi ba na kullum ba ne. Sai an samu zuma, ko rake ya zo kasuwa, ko mazarƙwaila, ko an yi maɗi na ɗinya. Abin shan gida hura ce da nono, da kunu, da ruwan randa. Yau kuwa kowane kanti na da firji ko kula cike da lemo, ana shigo da shi katan-katan ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Ga garin lemo na leda da ake kaɗawa cikin bokiti, ga sobo da lemon tsamiya na leda da anka cika da sukari, ga lemon ƙarin ƙarfi na ƴan kabu-kabu da direbobi, ga kuma shayi safe da yamma.

Lemon kwalba irin wanda anka saba sha yana ɗauke da sukari wajen giram 10 cikin kowane mililita 100. Ƙaramar kwalba ko gwangwani mai santilita 33 tana da wajen giram 35. Babbar roba mai rabin lita tana da giram 50 ko fiye. Ƙwayar sukari ta kwali ba ta wuce giram 5 zuwa 6 ba. Ke nan ƙaramar kwalba ƙwaya shida zuwa bakwai ce, babbar roba kuwa ƙwaya tara zuwa goma. Wa zai ɗauki ƙwayar sukari goma ya ba mahaifiyarshi ta tauna zama guda? Amma in an narkar da su cikin ruwa mai sanyi, an sa launi, sai a miƙa mata da hannu biyu.

Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 50, in ma da hali ya tsaya wajen 25. Wanga lissafi ya haɗa da na shayi, na koko, na hura, har da zuma. Roba guda ta rabin lita ta cinye rabon yini ɗungum. Wanda ke shan ta kullum, kafin shekara ta zagayo ya sha sukari kilo 18 daga lemo kaɗai. In mun ƙaddara robar dala hamsin ce, watau 250 F, kuɗin shekara ya haura jika 91. Kowa ya san hatsin da jika 91 ke saye lokacin kaka.

INA RUWAN ZAƘI DA JINI?

Wani zai ce, mun ji gishiri na tada tansiyo, sukari kuwa ai ciwon sukari ya ke kawowa. Gaskiya ne gishiri shi ne babba, za mu kuma zo kanshi. Amma masana sun gano hanyoyin da zaƙin sha ke bi ya matsa wa jini.

Ta farko, ƙiba. In mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, ya kan tsame hannu. Sukarin da anka sha cikin ruwa kuwa ba ya ƙosarwa, sai ya zama ƙari bisa abincin yini. Abin da jiki bai ƙone ba ya zama kitse, musamman a tumbi, zuciya kuma ta ƙara aikin turo jini.

Ta biyu, hanta. Rabin sukarin da muke sha wani iri ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke sarrafa shi. In ya zo mata da yawa lokaci guda, sai ta mai da shi kitse, ta kuma ƙara wani sinadari cikin jini, shi ne wanda in ya taru ya kan kawo ciwon gaɓɓai mai kumbura babban yatsan ƙafa. Masana na ganin wanga sinadari na hana jijiyoyi sakin jiki yadda ya kamata, watau tiyo ya tsuke.

Ta uku, ƙoda. Yawan sukari na sa jiki ya yawaita fitar da sinadarin insulin, shi kuwa yana sa ƙoda ta riƙe gishiri. Inda gishiri ya tsaya, ruwa na tsayawa, jini ya ƙara yawa cikin jijiya. Ga shi kuma gishiri da yaji na kawo ƙishirwa: a ci tsire ko taliyar leda mai ɗanɗano, a bi da lemo mai sanyi. Nan abokan ɓarna biyu sun haɗu.

Lemon ƙarin ƙarfi kuwa, ban da sukari, an zuba mishi sinadarin da ke cikin gahawa da goro mai hana barci, wanda ke sa zuciya bugawa da sauri, ya tada tansiyo na wasu awoyi. Mai hawan jini ba shi da abin nema wurinshi.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Cikin 2011 an buga sakamakon wani bincike bisa mutum 2,696 a Amurka da Birtaniya. An iske kowane gwangwanin lemo da mutum ya ƙara a yini yana tafe da ƙarin 1.6 bisa lambar sama, da 0.8 bisa ta ƙasa, a ma'aunin 140 da 90. Abin ya fi tsanani ga masu cin gishiri da yawa. Cikin 2010, wani binciken da ya bi mutum 810 a Amurka har wata 18 ya nuna waɗanda sunka rage gwangwani ɗaya a yini, lambar samansu ta sauka da wajen 1.8. Cikin 2015 kuma an tattara bincike shida da sunka ƙunshi mutum fiye da 240,000, aka ga masu shan lemo sau ɗaya ko fiye a yini sun fi waɗanda ba su sha haɗarin kamuwa da hawan jini da kashi 12 cikin ɗari.

Mu faɗi gaskiya, waɗanga lambobi ba manya ba ne. Kwalba guda ranar salla ba ta kwantar da kowa. Shekaru, gado, gishiri, ƙiba, taba da zaman wuri ɗaya duk suna da nasu kaso, akwai kuma masu hawan jinin da ba su taɓa sa lemo baki ba. Abin dubawa shi ne na kullum: kwalba biyu ko uku, da shayi zagaye uku, da koko mai sukari, yau da gobe har shekara ashirin, bisa jikin da shekaru sun riga sun taurara jijiyoyinshi. Da ɗigo-ɗigo tulu ke cika. Shekaru da gado ba mu da iko da su. Abin da ke cikin kofi kuwa yana hannunmu.

Ga kuma ciwon sukari, wanda shi da hawan jini ɗan juma ne da ɗan jummai. Masana na Jami'ar Tufts ta Amurka sun duba ƙasashe 184, sunka buga cikin 2025 cewa a shekarar 2020 kayan sha masu zaƙi sun jawo sabbin masu ciwon sukari miliyan 2.2 da sabbin masu ciwon zuciya da jijiyoyi miliyan 1.2 a duniya. A Afirka kudu da Sahara, fiye da ɗaya cikin biyar na sabbin masu ciwon sukari daga nan ne. Shi ya sa gwamnatoci sunka fara aza wa lemo haraji: Meziko a 2014, Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya kuma ta yi dokar naira 10 bisa kowace lita a 2021.

TSARABA DA KARRAMAWA

Yanzu mu zo gida. Ɗan biɗa in ya dawo, ba ya son ya shigo hannu sake, hakan kuwa tarbiyya ce mai kyau. Azumi in ya kama, kowa na ƙoƙarin aiko da kwalin sukari ga iyaye da surukai. Suna ko biki, ana auna arzikin mai gida da yawan katan ɗin da anka sauke. Marar lafiya in an je duba shi asibitin Madarunfa ko Maraɗi, sai a tara mishi lemo gefen gado. Duk don ƙauna ake yi. Amma wanda ke shan mafi yawan tsarabar shi ne tsoho da tsohuwa, waɗanda sun bar noma, jikinsu ba ya ƙone sukari kamar da, su ne kuma hawan jini ya fi kamawa. Sa'an nan ranar da ciwo ya kwantar da su, wanga ɗa da ya aiko da katan shi za a buga wa waya ya aiko da kuɗin mota da na magani. Ya biya sau biyu ke nan.

Akwai maganganu uku da ke yawo, ya kamata mu warware su. Ana cewa lemon malt haɗe da madarar gwangwani na ƙara jini. Sukarin da ke cikinshi ya yi kusa da na sauran lemo, wani ma ya fi. Ƙarancin jini kuwa maganinshi wake, hanta, nama, kifi, zogale da ƙwayar da likita ke bayarwa. Ana cewa wanda anka zana mangwaro ko lemu bisa kwalinshi ruwan ɗiyan itace ne. Mafi yawa ruwa ne da sukari da ƙamshi. Mangwaron da anka sha da ɓargonshi, da gwaba, da kankana, da goriba, su ba laifi, domin zarensu na sa zaƙin ya shiga jiki sannu-sannu. Ana kuma cewa sobo na saukar da tansiyo. Wanga akwai ƙamshin gaskiya: a wani gwaji da anka buga cikin 2010 a Amurka, mutanen da sunka sha kofi uku na sobo kullum har mako shida, lambar samansu ta sauka da wajen 7. Amma fa sobon yakuwar da muke shukawa gefen gona ake nufi, wanda ba a cika da sukari ba, kuma ba ya maye gurbin maganin likita.

Iyaye mata, a lura da kyau: wanga jawabi bai shafi ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo ba, bai kuma shafi abincin leda da likita ke ba yara masu tamowa ba. Waɗannan magani ne, a ci gaba da ba su yadda anka ce. Lemo ne ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba. Yaron da ya saba da zaƙi tun yana goye, da wuya ya yarda da kunu in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

GISHIRI

Mun yi alkawarin komawa kan gishiri. Rabon babban mutum a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi guda, haɗe da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano, da yajin tsire, da burodi. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinshi gishiri ne. In an sa dunƙule uku cikin miya, aka ƙara gishiri, aka jefa kanwa, to tukunya ta yi nauyi. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta na ba miya daɗi. Wanda ya bar lemo bai rage gishiri ba ya yi rabin aiki.

SHAWARWARIN DA MUKE KAWOWA GABAN TARO

1. Duk wanda ya kai shekara 40, namiji ko mace, ya je gidan likita a auna shi a ƙalla sau ɗaya a shekara, ko yana jin lafiya lau. Mai ciki kuwa kada ta tsallake awo, domin hawan jinin ciki na kawo jijjiga wurin haihuwa.

2. Ƙungiya ta fitar da kuɗi daga asusu ta sayi na'urar awon tansiyo, a shawarci shugaban gidan likita bisa irin da ya dace da wanda zai riƙe ta. Duk ranar taro irin wanga, a fara da awo kafin a buɗe zance.

3. Ƴan biɗa su sake salon tsaraba. Maimakon katan ɗin lemo, a kawo wake, busasshen kifi, sabulu, turmin zane, takalmi, fitila mai aiki da rana, ko a biya wa tsoho maganin wata uku. Sukarin azumi a rage shi, a cika da gero.

4. A wurin suna da biki, a fara gabatar da ruwa mai sanyi, da hura da nono, da sobo ko tsamiya mai ɗan sukari kaɗan. Muna roƙon dattawa su faɗa da bakinsu cewa wanga ba rowa ba ce. In babba ya ce ya fi son hura, ba mai jin kunyar kawo ta.

5. Ƴan majalisar shayi su raba sukarin buta biyu. Makon farko baki zai yi gardama, bayan ƴan makonni ya saba.

6. Wanda likita ya ɗora bisa magani ya sha shi kullum, kada ya bari don ya ji sauƙi. Hawan jini ba a warke shi kamar masassara, riƙe shi ake yi. A guji sayen magani bisa tebur ko cikin tire a kasuwa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, in an yawaita su, suna tada tansiyo su ɓata ƙoda.

7. In an ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nemi mota nan take a kai shi asibiti. Addu'a a yi ta bisa hanya. Kada a ɗura mishi ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa.

Ya ku iyayenmu, ba mu zo hana ku jin daɗin abin da ɗiyanku sunka samo da gumi ba. So muke ku daɗe kuna takawa da ƙafafunku zuwa masallaci da gona, kuna raba gardama, kuna sa wa jikoki albarka. Ku kuma ƴan'uwa na biɗa, in kun koma, ku isar da saƙo ga waɗanda ba su zo ba, ku kuma auna kanku can inda kuke, domin zaman birni da tuƙi da tsaron shago sun fi zaman ƙauye jawo wanga ciwo. Rigakafi ya fi magani. Muna roƙon shugaban taro ya sa shawara ta biyu gaban jama'a yau, a tsai da abin da kowa zai bayar, a kuma naɗa mutum biyu da za su je su gana da likita cikin wanga mako.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidanshi lafiya.

Haza wassalam.